BASHIN AIKI A CIKIN KWAMFUTA: LABARIN MANHAJAR "YI"

Duk wanda sana'arsa ta haɗa shi da rubutu a kan kwamfuta, ko akawu ne, ko ɗan jarida, ko ɗalibi, abu biyu yake nema wurin na'urar kafin kome: in ya danna harafi ya gan shi nan take, in kuma ya ajiye aikinsa ya komo ya tarar da shi yadda ya bar shi. Manhajar da ke riƙe da wannan amana ita ake kira edita. Ba editan jarida ba, a'a, manhaja ce da ake buɗe fayil da ita, a rubuta, a goge, a gyara, a ajiye. Masu sana'ar rubuta manhajoji su suka fi kowa zama da ita, har akwai wanda zai buɗe ta da safiyar Litinin, ba zai rufe ba sai ya tashi aiki ran Jumma'a.

A wannan mako za mu kawo wa masu karatu labarin wata edita da ake kira Yi. Ba ta yi suna kamar Emacs ko Vim ba, waɗanda su ne manya a wannan fage, amma harshen da aka gina ta da shi yana da wani hali na musamman wanda ya sa neman aibi a cikinta ya zama ilmi mai zaman kansa. Mai karatu zai ce ai wannan suna na Hausa ne. Ba haka ba ne. Masu ita sun ce kalmar Sinanci ce, ɗaya daga cikin kyawawan halaye biyar na koyarwar Konfushiyas, ma'anarta kuwa tsayawa a kan gaskiya. Sai dai ga Bahaushe sunan ya zo da ban dariya, domin babbar ƙa'idar harshen nan ita ce kada a yi sai an matsa.

HARSHEN DA BA YA GAGGAWA

Cikin watan Satumba na 1987 waɗansu masana ilmin kwamfuta suka haɗu wurin wani taro a birnin Portland na ƙasar Amurka. Suka lura cewa harsunan kwamfuta masu bin tafarkin lissafi zalla sun haura goma sha biyu, kowace jami'a da nata, ga kama da juna amma ba mai jin na wani. Suka naɗa kwamiti ya fito da harshe guda. Cikin 1990 kwamitin ya fitar da rahotonsa na farko, aka raɗa wa harshen suna Haskell don tunawa da Haskell Curry, wani masanin ilmin manɗiƙi da ya rasu cikin 1982. Babban tafintan harshen, watau manhajar da ke juya abin da mutum ya rubuta zuwa abin da na'ura ke ganewa, shi ne GHC, wanda aka fara a Jami'ar Gilasgo.

Halaye biyu suka bambanta Haskell da harsuna irin su C. Na farko, a harshen C umurni ake jerawa: zuba biyar a akwati kaza, kwashe, zuba shida. A Haskell kuwa bayani ake yi irin na malamin lissafi, a ce abu kaza daidai yake da kaza, kuma in an faɗa an faɗa ke nan, ba a sāke shi. Wanda ke son canji sai ya gina sabo daga tsohon. Tsohon yana nan a rumbun na'ura har ranar da babu mai bukatarsa, sa'an nan wani sashe na manhajar da ake kira mai shara ya zo ya kwashe shi.

Hali na biyu shi ne jinkiri, shi ne kuma tushen zancenmu. Tun cikin 1976 aka bayyana dabarar a rubuce-rubuce biyu, ɗaya na Henderson da Morris, ɗaya na Friedman da Wise. A ɗauka mai kanti ne da yaronsa. Duk cinikin da aka yi, maigida ya ce a ƙara a kan jimlar kuɗin yau. Yaro mai tsanani zai ɗauki alƙalami nan take ya haɗa, ya goge tsohuwar jimla ya rubuta sabuwa. Yaro mai jinkiri kuwa sai ya yagi 'yar takarda ya rubuta cewa jimlar ɗazu a ƙara mata naira kaza, ya soke ta a ƙusa, ya koma ya zauna. In maigida bai taɓa tambayar jimlar ba, yaron ya huta, bai ɓata lokacinsa a banza ba. In ya tambaya, a lokacin ne zai zare takardu ya haɗa. Haskell irin yaro na biyu ne. Duk lissafin da aka ba shi, 'yar takardar bashi yake rubutawa, ba ya biya sai mai bi ya tsaya a ƙofa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan lalaci ne kurum. Cikin 1984 John Hughes ya rubuta wata maƙala da aka buga cikin 1989, inda ya nuna cewa jinkiri shi ke ba da damar a raba manhaja gida biyu, mai samarwa da mai zaɓe. Mai samarwa yana iya bayyana jerin da ba shi da iyaka, alal misali dukan hanyoyin da wasa zai iya bi tsakanin 'yan wasa biyu, mai zaɓe kuwa ya ɗebi abin da yake so kawai, sauran ba za a taɓa lissafa su ba. Dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma za mu ga yadda ta yi wa Yi rana.

ASALIN YI

Don Stewart ne ya fara aikin Yi cikin 2004, lokacin yana ɗalibin digiri na uku a Jami'ar New South Wales da ke Sidni a ƙasar Ostareliya. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne ko za a iya gina manhaja da Haskell wadda za ta sāke sassan jikinta tana cikin aiki, ba tare da an kashe ta ba, kamar yadda Emacs ke yi. Shi da malaminsa Manuel Chakravarty suka gabatar da sakamakon a taron masana Haskell na 2005. Daga baya Jean-Philippe Bernardy, wanda ya yi bincikensa a Jami'ar Chalmers ta ƙasar Suwidin, ya karɓi ragamar aikin, ya kuma bayyana tsarinta a taron 2008. Yi tana iya kwaikwayon maɓallan Vim ko na Emacs, wanda mutum ya saba da shi, kuma da harshen Haskell ɗin ake tsara ta yadda ake so. 'Yan sa-kai ne ke aikinta, kowa yana iya karanta abin da aka rubuta ya kawo gyara.

Inda jinkiri ya nuna amfaninsa shi ne wajen li'irabi. Edita ta masu rubuta manhaja takan rina kalmomi launi-launi bisa ga matsayinsu a nahawun harshen, kuma ba za ta iya ba sai ta feɗe rubutun ta san wace kalma ce me. To, fayil yana iya kai layi dubu goma, allo kuwa layi hamsin yake nunawa. In duk harafin da aka danna sai an sāke li'irabin fayil tun daga farko har ƙarshe, mai rubutu zai tsufa yana jira. Cikin 2009 Bernardy ya nuna mafita: a bayyana li'irabin fayil ɗin duka, amma a bar jinkiri ya yi aikinsa, watau abin da allo ya nema shi kaɗai za a lissafa. Sa'an nan a riƙa ajiye zango-zango a hanya, yadda in an yi gyara a layi na dubu biyar, daga zangon da ke kusa da shi za a tashi. Abin da a wani harshe sai an yi ta ƙulle-ƙulle, a nan halin harshen ne ya ba da shi kusan kyauta.

RANAR BIYAN BASHI

Amma fa bashi hanji ne. Halin nan da ya taimaki li'irabi, shi ne ke zama ciwo a ɗaya ɓangaren. Edita tana riƙe da bayanai masu tsawon rai: rubutun kansa, wurin da manuni yake, alamomin da aka kafa a cikin fayil, tarihin gyare-gyare don mai son komawa baya, da ƙididdiga iri-iri. Duk danna maɓalli ɗaya yana sāke waɗansunsu. Waɗanda allo ke nunawa ba su da matsala, domin kullum ana tambayarsu, kullum ana biya. Matsalar tana ga waɗanda ake sākewa kullum amma ba a cika dubawa ba.

Bari mu yi lissafi. A ce akwai wata lamba da ake ƙara wa ɗaya duk sa'ad da aka danna maɓalli. In an biya nan take, baiti 16 take ci a na'urorin yanzu, ko ma 8, kuma ba ta ƙaruwa ko shekara aka yi. In an jinkirta, kowace takardar bashi tana cin baiti 24, kuma kowacce tana riƙe da wadda ta gabace ta. Danna miliyan ɗaya ya zama megabait 24 saboda lamba guda. Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da ya fi muni shi ne takardar da ke cewa a duba tsohon rubutun a gano wuri kaza. Muddin ba a biya ta ba, mai shara ba shi da ikon taɓa tsohon rubutun, domin akwai mai jiransa. Ta haka 'yar alama ɗaya da aka manta da ita za ta iya tsare dukan kwafin fayil na tun safe. Masana suna kiran wannan yoyon rumbu, ko da yake a ganinmu kumburi ya fi dacewa da shi, don ba fita abin ke yi ba, taruwa yake yi.

Sa'an nan ranar biya ta zo. Mai rubutu ya danna wani maɓalli da ke bukatar lambar nan, na'ura ta tsaya cik tana zare takardu miliyan ɗaya, kuma dole ta tara su duka a hannu kafin ta kai ga ta farko ta fara haɗawa. A da, GHC megabait 8 kawai yake ware wa irin wannan tari, in ya cika manhajar ta mutu, abin da mutum bai ajiye ba kuwa ya bi ruwa. Cikin 2014 aka ɗaga iyakar zuwa kashi 80 cikin 100 na rumbun na'ura. Mutuwar ta ragu, amma kumburin yana nan, sai ma ya daɗa ɓuya.

Maganin da aka samo tun cikin 1996, a fitowar Haskell 1.3, shi ne tsanantawa. Aka shigo da wata 'yar kalma, seq, mai tilasta a biya bashi kaza kafin a wuce. Aka kuma ba da dama mai rubutu ya sa alamar motsin rai a gaban kowane gurbi na bayanansa, ma'anarta kuwa wannan gurbi ba ya karɓar takarda, sai tsabar kuɗi. Wanda ya buɗe rubutun Yi ya duba inda aka bayyana abin da edita ke riƙe da shi, da abin da kowane buɗaɗɗen fayil ke riƙe da shi, zai ga alamar nan jere a gaban kusan kowane gurbi kamar sojoji a fareti. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka tsaya a kai ke nan: abin da zai daɗe a ajiye a tsananta masa, abin da za a lissafa don kallo ɗaya a bar shi ya yi jinkirinsa. Gaskiya ne GHC da kansa yana da dabarar gano inda jinkiri ba shi da amfani ya cire shi, bisa ga hanyar da Alan Mycroft ya fara bayyanawa wajen 1980, amma idonsa ba ya kai wa ga abin da aka ajiye yau don a ɗauka gobe.

Sai dai tsugunne ba ta ƙare ba. Alamar motsin rai bakin buhu kaɗai take buɗewa, ta tabbatar buhu ne, ba ta ƙirga abin da ke ciki. Ana iya tsananta wa gurbin da ke riƙe da jerin alamomi, alhali kowace alama a cikin jerin takardar bashi ce. Don haka ne ma cikin 2012 aka raba shahararren laburaren nan na ajiye bayanai bisa suna gida biyu, mai jinkiri da mai tsanani. Akwai kuma dabarar zazzage buhu gaba ɗaya, amma wanda ya yi ta a kan dukan rubutu duk danna maɓalli ya dawo da wahalar da aka gudu. Banda wannan, tsanantawa tana iya tada aibin da ke barci: lissafin da ba shi da ƙarshe, ko mai kuskure a ciki, wanda a da ba mai tambayarsa, yanzu an tilasta shi, sai manhajar da ke aiki lafiya jiya ta sandare yau. Saboda haka ba a yayyafa alamar kamar gishiri. Kowacce sai an san dalilinta.

IGIYA DA HARUFFA MASU LANƘWASA

Shi kansa rubutun, yadda za a ajiye shi babbar magana ce. Hanyar asali ta Haskell ita ce sarƙa, kowane harafi da zobensa, zoben yana nuna na gaba. Tana da daɗin sarrafawa, amma zobe ɗaya baiti 24 ne, ga kuma jinkiri a kowace gaɓa. Fayil mai harafi miliyan ɗaya ya tashi megabait 24 ko fiye. Wannan ya sa aka fito da ByteString wajen 2006, wanda Don Stewart ɗin nan na cikin masu aikinsa, daga baya kuma Text, dukansu suna cusa haruffa wuri guda a matse.

A nan akwai abin da ya shafi mai rubutun Hausa kai tsaye. Baiti ɗaya lamba 256 kawai yake iya ɗauka, daga 0 zuwa 255. A tsarin Unicode kuwa lambar ƙ 409 ce, ta ɓ 595, ta ɗ 599. Akwai wani sashe na ByteString da ke ɗaukar kowane harafi a matsayin baiti ɗaya, in ya fi ƙarfinsa ya datse kan ya riƙe gindin. In aka datse 599 saura 87, lambar W ke nan. In aka datse 595 saura 83, lambar S. Duk manhajar da ta bi da Hausa ta wannan ƙofa, ɗaki zai koma Waki, ɓarawo ya koma Sarawo, ƙ kuwa ta faɗa kan lambar da ba ta da siffa a allo. Baturen da ke gwaji da Ingilishi zalla ba zai taɓa ganin wannan ba, sai wani daga nesa ya kai ƙara. Haka nan editar da ke ƙirga baiti a maimakon harafi za ta ajiye manuni a tsakiyar ƙ, tunda a tsarin UTF-8 baiti biyu take ci.

Yi ta zaɓi abin da ake kira igiya, dabarar da Boehm da abokan aikinsa biyu suka bayyana cikin 1995. Ana yanka rubutu gutsure-gutsure, a rataye su a wata bishiya irin wadda Ralf Hinze da Ross Paterson suka tsara cikin 2006, kowane reshe yana ɗauke da adadin haruffa da na layukan da ke ƙarƙashinsa. In an ce a tafi layi na dubu bakwai, rassa kaɗan za a bi. In an ƙara harafi, gutsure ɗaya da rassan da ke bisansa za a sāke, sauran duka tsohon kwafi da sabo su yi tarayya a kansu. Cikin 2014 aka ware igiyar ta zama laburare mai zaman kansa, gutsattsarinta na Text. Adadin nan biyu da ke kan rassa kuwa, an tsananta musu.

LAIFI A GABAS, KUKA A YAMMA

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙa. A harshe mai tsanani, in lissafi ya ɓaci, a wurin da aka yi shi yake ɓaci, a kama mai laifi hannu dumu-dumu. A harshe mai jinkiri, wanda ya rubuta takardar bashin ya daɗe da tafiya. Kuskuren yana kwance a cikin takarda, sai can bayan awa uku sashen da ke zana allo ya zo ya buɗe ta, abin ya fashe a hannunsa. Mai rubutu zai rantse cewa yana jan shafi ƙasa ne edita ta mutu, kuma gaskiya ya faɗa, alhali jan shafi ba shi da laifin kome. Har tarkon da ake kafawa don kama kuskure yakan tashi a banza, domin takardar takan wuce ta cikinsa a naɗe, ta fashe bayan an fita. Sai cikin 2016 GHC ya samar da hanya mai sauƙi ta sa kuskure ya faɗi jerin waɗanda suka kira shi, ita ma sai mai rubutu ya nema.

Karatun fayil ma bai tsira ba. Hanyar asali ta Haskell tana buɗe fayil ta ce za ta karanta in an bukata. Ga edita wannan haɗari ne, domin mutum zai gyara layin farko ya ce a ajiye, alhali ba a gama karanta ƙarshen fayil ɗin ba. GHC yakan ƙi buɗe shi don rubutu, ya ce a kulle yake, kuma gara haka da a rubuta a kan abin da ba a karanta ba. Don haka dole edita ta karance fayil tas ta rufe shi tun farko.

To, aibin da ke ɓulla nesa da mahaifarsa, ga jama'ar da ke aikin warwatse a ƙasashe, wani ya zo wani ya tafi, yaya za a yi da shi? Sai littafin ƙara. Turawa ƙwaro suke kiran aibin na'ura. Akan ba da labarin wani ƙwaro da aka ciro daga na'urar Mark II a Jami'ar Harvard cikin 1947 aka manna shi a littafin aiki, ko da yake Thomas Edison ya riga ya yi amfani da kalmar tun 1878. Abin lura a labarin shi ne littafin aikin. Littafin ƙara na zamani kamar rajistar kotu yake: kowace ƙara da lambarta, da ranar shigarta, da bayanin mai ƙara, da muhawarar da aka yi, da hukuncin da aka yanke. Bugzilla, wadda Mozilla ta saki cikin 1998, na cikin waɗanda suka yaɗa wannan tsari. Yi ta riƙe nata littafin a Google Code, daga baya ta koma GitHub. Google kuwa ya ba da sanarwar rufe wancan dandali cikin 2015, ya rufe cikin 2016, abin da ya tilasta wa ayyuka da yawa kwashe ƙararrakinsu kafin ƙofa ta rufe. Shi ma GHC ya yi irin wannan ƙaura cikin 2019, daga Trac zuwa GitLab, da dubban ƙararraki a kai.

Ƙarar da ke da amfani ita ce wadda wani zai iya maimaitawa: wace fitowa ce ta Yi, wane GHC, wane fayil, waɗanne maɓallai aka danna bi da bi. In an sami haka, akwai dabarar raba tarihin gyare-gyare biyu-biyu, a gwada tsakiya, a zubar da rabi, har a kai ga gyaran da ya kawo aibin. Gyara dubu, gwaji goma ya isa. Bayan an gyara kuma a rubuta gwajin da zai tsare ƙofar don kada aibin ya komo. Masu Haskell suna da wani makami a nan, QuickCheck, wanda Koen Claessen da John Hughes suka fitar cikin 2000. Mutum ya faɗi ƙa'ida, alal misali in an yanka igiya biyu aka sāke ɗaurawa dole a sami ta farko, manhajar ta ƙirƙiro ɗaruruwan misalai ta gwada. Igiyar Yi da irin wannan ake auna ta, ana kwatanta amsarta da ta Text.

Amma ƙarar kumburi ba ta zuwa da wannan tsabta. Abin da mai ƙara zai iya faɗi shi ne bayan kwana biyu edita ta yi nauyi. Wane maɓalli? Duka. Wane fayil? Ko wanne. QuickCheck ma ba zai gani ba, domin amsar daidai take fitowa, tsadarta ce ta yi yawa. Irin wannan ƙara ita ke daɗewa a buɗe, wani ya zo ya ce shi ma ya gani, wani ya ce shi bai gani ba. A ra'ayinmu kuskure ne a rufe ta don an kasa maimaitawa, domin sau da yawa shaidar mutum na uku ko na huɗu ce ke nuna abin da suka yi tarayya a kai.

Abin da ya fara ba masana ido a kan wannan shi ne awon rumbu. Colin Runciman da David Wakeling na Jami'ar York a Ingila suka ƙera ma'auni mai zana hoton abin da ke cikin rumbu lokaci bayan lokaci, da sashen da ya haife shi, aka buga aikin cikin 1993. Da suka gwada shi a kan wata 'yar manhaja mai layi 130, suka rage cinta daga megabait 1.3 zuwa kilobait 10. Wanda ya manna irin wannan hoto a ƙararsa ya yi rabin aikin, don kumburi yakan fito kamar tudu mai hawa ba sauka. Neil Mitchell, wanda ya yi rubutu a kan matsalar cikin 2013, ya kawo wata dabara cikin 2015 mai kama da wayon mafarauci: a ƙuntata wurin tara takardu da gangan ya zama ɗan mitsitsi, yadda ko gajeren jerin bashi ne zai kashe manhajar a ɗakin gwaji, ta faɗi inda ta mutu. Cikin 2020 kuma Edsko de Vries ya fitar da laburaren nothunks, wanda ke bincike cikin bayanai masu tsawon rai bayan kowane canji, in ya tarar da takardar bashi ko ɗaya ya yi kuka nan take, ya faɗi gurbin da take. Watau an maido da kukan kusa da laifin.

Su kansu iyayen harshen ba su ɓoye tsadar jinkiri ba. Simon Peyton Jones, ɗaya daga cikin jagororin GHC, ya bayyana a wata lacca cikin 2003 cewa babban alherin jinkiri shi ne ya hana harshen karkacewa daga tafarkin lissafi zalla, tunda wanda bai san lokacin da za a yi aiki ba ba zai iya cusa umurni a cikinsa ba. Harsunan da suka biyo bayan Haskell suka ɗebi gadonsa, irin su Idris da PureScript, tsanani suka zaɓa. Cikin 2016 GHC ya ƙara wani zaɓi mai suna StrictData, wanda layi ɗaya a saman fayil ya isa ya tsananta wa dukan guraben da ke cikinsa, mai son jinkiri shi ne zai sa alama. Aikin Yi kuwa ya yi sanyi a shekarun baya, yawancin masu rubuta Haskell da waɗansu editoci suke aiki, amma rubutunta da littafin ƙararta suna nan a buɗe ga mai son dubawa.

Akwai wata 'yar dabara da ake haɗa jerin lambobi da ita daga hagu zuwa dama, sunanta foldl, wadda ita ce misalin farko da ake ba kowane ɗalibi in ana koya masa kumburi, domin halin yaron kantin nan gare ta sak. Tana da ƙanwa mai tsanani, sunansu ɗaya sai ɗan ɗigon da aka ƙara a ƙarshe. Shekara da shekaru mai jinkirin ce ke zaune a zauren harshen inda kowa ke samunta ba tare da ya nema ba, ƙanwar kuwa sai an shiga cikin gida an kira ta. Sai cikin 2024, da fitowar GHC 9.10, aka fito da ita zaure, shekara 34 bayan rahoton farko.